Gashin Bakin Kaka

A gidansu Sumul, namiji ba ya cika mutum sai gashin bakinsa ya rufe masa leɓe. Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, nasa ya yi kaurin tsintsiya. Yaya Babba, wanda ya gaji gidan, har murɗe nasa yake yi dama da hagu, in zai sha shayi sai ya ɗaga shi da yatsa tukuna. 'Ya'yan Yaya Babba tun suna sakandare sababbin malamai ke gaishe su bisa kuskure. Shi kuwa Sumul, mai gyaran fanka, ya haura hamsin a duniya, amma abin da ya samu tsakanin hanci da baki 'yan silin gashi ne da ba sa ga maciji da juna, kowanne ya kama gabansa. Daga nan sunan ya samo asali tun yana saurayi, har ya danne na gaskiyar.

Ba don bai yi ƙoƙari ba. Ya shafa mai, ya shafa albasa, ya shafa wani baƙin abu da mai aski ya rantse masa a kai, leɓensa ya kumbura har magana ta gagare shi. An ce masa yawan aski yana kiran gashi, ya aske wurin safe da yamma, gashi ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Duk wannan fitina daga hoto ɗaya ta taso. Yana rataye a falon gidan gado, cikin firam mai nauyi, sama da kujerar da ba mai zama a kanta sai Yaya Babba. Wani mutum ne a tsaye, ya turo ƙirji gaba, kwat a jikinsa, hannu ɗaya a kan kujera, bayansa wani labule mai zanen itatuwa da tafki. A tsakiyar fuskarsa kuwa akwai gashin bakin da babu irinsa, baƙi wuluk, kowane gefe ya lanƙwashe ya dubi sama. Wannan shi ne Kaka. Ba wanda ya san shi, don ya rasu mahaifin su Sumul yana goye. Matarsa ma bayan 'yan shekaru ta bi shi, dangi suka raini yaron. Abin da yaron ya riƙe game da uwarsa bai taka kara ya karya ba: takan ɗaga shi sama gaban hoton ta ce, "Ga babanka nan," sannan ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin.

To, ba ko'ina take gogewa ba. Kusurwar sama ta hagu kawai, inda labulen ya ƙare, wurin wasu 'yan dunƙule-dunƙule da kowa ya ɗauka ƙullin igiya ne. Yaron ya girma ya mai da abin doka. Kowace safiya wani a gidan zai hau kan kujera ya goge wannan kusurwa, ita kaɗai. In yara suka tambayi dalili, sai mahaifin nasu ya ce fuskar manya ba a kai mata hannu. Ta haka kusurwar ta yi ƙyalli har tana kashe ido, fuskar Kaka kuwa ta yi dishi-dishi, sai in wata daga matan gidan ta faki ido ta share ta.

Sumul ya taso a ƙarƙashin hoton nan yana neman kansa a ciki. Ya duba hanci, ba nasa ba. Ya duba goshi, ba nasa ba. Ga shi siriri, ga shi da ɗan ƙaramin yatsa na hagu da ya zo duniya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Mahaifinsu yakan buge yatsan da cokali a wurin cin abinci ya ce, "Miƙe shi mana! Ni ban san inda ka kwaso wannan ba." Yaya Babba kuwa tun suna yara yake cewa a bakin kasuwa aka tsince shi cikin kwali. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, Sumul ma yakan taya su dariya. Amma mahaifin ya rasu bai taɓa cewa ko sau ɗaya ba wasa ne, kuma abin ya tsaya wa Sumul a rai shekara da shekaru.

Ban da wannan, rayuwarsa lafiya lau. Shagonsa ɗan ƙarami ne, fankoki a rataye ta ko'ina, wasu ba kai, wasu ba fiffike, ga warin dalma da ƙonannen koyil. Fanka tana fara kuka zai gaya maka ciwonta. Lanƙwasasshen yatsan nan ma ya yi masa rana, da shi yake saƙale waya in hannuwansa sun cika. Matarsa ta ce ita da ma don fuskar ta aure shi, ba ta son namijin da za a riƙa tsintar shinkafa a bakinsa.

Ranar da abin ya kai shi bango, an taru ne a gidan gado ana hira bayan cin abincin rana. Yaya Babba ya gyara hularsa, wadda kullum yake jan ta har ƙasa ko da zafi na kashe mutane, ya sanar cewa bayan ransa babban ɗansa ne zai riƙe hoton, tunda wanda ya gaji fuska shi ya kamata ya gaji gilashi. Aka yi dariya, aka dubi Sumul, aka ƙara dariya. Sai 'yar jikar Sumul ta hau cinyarsa ta kama haɓarsa ta ce, "Kaka, wai da gaske a kwali aka tsince ka? To mu ma ba 'yan gidan nan ba ne?"

Washegari ya sayi hular rana da sabon takalmi, ya ce wa matarsa zai binciko asalin Kaka daga tushe. Ko tari ne, ko yadda yake atishawa, sai ya samo abu ɗaya da ya gada.

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta. "In ka dawo ka duba fankar ɗakinmu, tun bara take juyawa sai an tura ta da sanda."

Ya fara da tsofaffin unguwa, kuma tsofaffi ba sa son a ce ba su sani ba. Na farko ya dubi hoton da Sumul ya ɗauko a wayarsa ya ce ai wannan ɗan kokawa ne, ya taɓa ɗaga bijimi da hannu ɗaya. Na biyu ya ce ƙarya ne, direban jirgin ƙasa ne, da gashin bakin yake gane inda iska ta dosa. Wata tsohuwa ta ce ya nemi aurenta ta ƙi, da aka lissafa sai aka ga ba a haife ta ba lokacin. Wani kurma ya karɓi wayar ya kara a kunne ya yi ta sallama. Duk gidan da ya shiga sai an ba shi shayi, in zai fita kuma a ce, tunda ga ka, ɗan duba mana fankar nan. Ya gyara fankokin rabin unguwa, takalminsa ya cinye, bai samo ko atishawa ba.

Sana'arsa ce ta kai shi inda ƙafarsa ta kasa. An kira shi wani gida a ɗaya gefen garin, fankar sama ta tsaya. Yana kan tsani, sukudireba a baki, ya waiwaya don ya nemi inda zai ajiye fiffike, sai ya yi ido huɗu da Kaka a bango. Kwat ɗin nan, kujerar nan, tafkin nan, gashin bakin nan. Sukudireba ta faɗo, shi ma saura ƙiris.

Kafin ya sauko ƙasa ya gama haɗa labarin a kansa: ashe Kaka yana da wani gidan a ɓoye. Ya nufi matar gidan, wata Hajiya mai jiki da ke zaune tana yankan farce, ya buɗe hannuwa, idonsa ya kawo ruwa.

"'Yar'uwa! Ashe kuna nan!"

Hajiya ta ja kujerarta baya. "Malam, wuta ce ta ja ka?"

"Wannan kakana ne. Kakanmu ne ni da ke. Ki dube ni da kyau."

Ta dube shi da kyau, ta dubi hoton, ta sake dubansa. "Ka yi haƙuri, ko ta ƙeya ba ku yi kama ba. Wannan kakana ne, magatakarda ne a gidan waya, kuma ya tsufa tukuf a ɗakin can, ni na riƙa ba shi magani. Mutumin da ko kaza ta yi tsalle sai ya ruga, ina ya ga zuciyar ajiye gida biyu? Ni ma a hoton nan kaɗai na taɓa ganinsa da kwarjini haka."

Ta ciro hoton ta juya masa bayansa, ga tambarin shagon da aka ɗauka. Ta ce shagon yana nan bayan tsohuwar tasha, 'yar mai hoton ce ke zaune a ciki, in yana da rigima ya kai can. "Amma ka fara gama mini fankata, ɗan'uwa," ta ce, har da jan kalmar.

Shagon hoton ya tsufa tare da mai shi. Inna Mai Hoto, kamar yadda 'yan layin ke kiranta, ta doshi casa'in, tana zaune a ƙofa da tabarau mai kauri, jikokinta na ciki suna ɗaukar hoton fasfo. Sumul ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata wayar da hannun hagu. Ba ta dubi wayar ba. Ta kama hannun ta juya shi, ta taɓa ɗan yatsan.

"Kai jinin Riƙe-Nan ne?"

"Wa, Inna?"

"Riƙe-Nan, mai taimaka wa babana. Sunansa na gaskiya ya ɓace mini, don daga safe har yamma abin da babana ke ce masa ke nan: riƙe nan, riƙe nan. Tashi ka ɗauko mini kwalayen can na bayan ƙofa."

Kwalayen cike suke da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Tana zarowa tana ba shi labari. Labulen nan mai tafki ba shi da abin ratayewa, don babanta ya ce bangon na haya ne, ba zai buga ƙusa ba. Saboda haka duk wanda ya zo ɗaukar hoto, Riƙe-Nan ne zai hau benci ta baya, ya ɗaga labulen da hannu biyu, ya ɗauke numfashi. Gajere ne, siriri, ga son ganin abin da ke faruwa, shi ya sa kullum sai wani sashe nasa ya leƙo. Babanta ya yi faɗa har ya gaji.

"Ga hannunsa," ta ce, ta ɗora yatsa a kusurwar sama ta hagu ta ɗaya daga cikin hotunan.

Sumul ya ciro gilashin da yake duba ƙananan wayoyi da shi, ya kara. Ƙullin igiyar nan da aka yi shekaru ana gogewa a gidansu ba ƙulli ba ne. Yatsu ne huɗu sun damƙe bakin labule, na ƙarshen ya lanƙwashe ciki. Ya daɗe yana kallo, har Inna ta tambaye shi ko barci ya yi.

Ta ce zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke Riƙe-Nan. Bayan an yi makoki matarsa ta zo da goyo, ta tsaya a daidai ƙofar nan, ta ce a ba ta hoton mijinta don yaron ya san ubansa. Nan baban Inna ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗauki hoton duk wanda ya taka ƙafa a garin, har da akuyar wani attajiri, amma bai taɓa cewa Riƙe-Nan ya zagayo gaba ba. Ya zazzage kwalaye ya zaɓi wanda hannun ya fi fitowa sosai, ya sa a firam mafi kyau da ke shagon. Ta karɓa, ta dubi kusurwar, ta goge ta da mayafi, ta yi godiya ta tafi.

"To shi mai gashin bakin fa?" in ji Sumul.

Inna ta yi dariya har ta sarƙe. Ta sa aka miƙo mata wani ɗan gwangwanin alewa da ya yi tsatsa, ta buɗe. Ga shi kwance a kan auduga, baƙi wuluk, kowane gefe ya dubi sama.

"Na shago ne. Kwat ɗin ma na shago ne. Kakanka ne ya haɗa shi da gashin wutsiyar doki, shi yake taje shi, shi yake manna wa duk wanda ke son ya fito da kwarjini. Rabin mazan garin nan sun sa shi. Ɗauki, ai gadonka ne."

Sumul ya shiga ciki gaban madubi ya kara shi a leɓensa. Abin da ya nema tun yana saurayi ke nan, ga shi ya samu. Ya juya dama, ya juya hagu. Jikokin Inna suka toshe baki. Shi ma ya ga bai yi masa kyau ba ko kaɗan, ya mai da shi gwangwani ya sa a aljihu.

Ya yi kwanaki yana zirga-zirga tsakanin shagonsa da na Inna, yana tsince kakansa daga gefen hotunan mutane. Ya samu ƙafar dama a hoton wasu tagwaye, babban yatsa ya leƙo ta takalmi. Ya samu gwiwar hannu a bayan wata amarya. Ya samu ido ɗaya yana leƙen wani soja. A hoton wasu 'yan ƙwallo, inda da alama labulen ya suɓuce, ya samu rabin fuska daga hanci zuwa haɓa, tana dariya, kuma babu ko silin gashi a kanta. Ya samu kunne. Da almakashi da gam ya jera su a kan kwali a teburin gyaran fanka. Ƙafar hagu ba ta samu ba, hannu ɗaya ya fi ɗaya girma, kunnen kuwa ya kusa kai rabin kan. Matarsa ta leƙo ta ce, "Wannan kakan naka mota ce ta bi ta kansa?" Da ta ga fuskar mijinta sai ta ɗauko tsumma ta share gam ɗin da ya zuba a gefe.

Ya sami Yaya Babba shi kaɗai a falo da hantsi, a kan kujerarsa. Ya ajiye kwalin a gabansa ya ba shi labari tun daga tsani har zuwa benci. Gwangwanin ne kawai bai ambata ba, ya bar shi sai ƙarshe. A hanya ya tsara yadda zai buɗe shi a hankali, ya ajiye a kan tebur, ya koma gefe ya sha kallo. Shekarun kwali da bakin kasuwa duk yau zai fanshe su.

Yaya Babba ya tashi da faɗa. Ya ce wannan cin fuska ne, ya ce tsohuwar ta rikice, ya ce Sumul ya je ya yanko gaɓoɓin mutane ya kawo masa a ce wai kaka. Sumul ya miƙa masa gilashin duba waya. Yaya Babba ya hau kujera da ƙyar ya kara a kusurwar da shi kansa ya goge da safen nan. Ya sauko ya kama hannun ƙanensa ya duba. Sannan ya koma kan kwalin, ya tsaya a kan kunnen.

A hankali ya cire hularsa. Sumul ya manta rabon da ya ga kan yayansa a buɗe. Kunnuwa biyu suka baje, faffaɗa, kowanne ya yi gefe abinsa.

"Tun ina yaro nake ɓoye su," in ji Yaya Babba. "Baba ya ce bai san inda na kwaso su ba."

Suka zauna. Can Yaya Babba ya ɗaga kai ya dubi mutumin da ke cikin firam, hannunsa ya tafi kan gashin bakinsa yana shafawa. Duk ya tsufa a 'yan mintocin nan.

"To shi wannan bawan Allah, ko ba namu ba ne, ya zauna da mu tun kafin a haife mu. Ba za a sauke shi ba." Ya yi ƙasa da murya. "Amma dai nasa... gashin bakin nan, na gaske ne ko? Ba a banza Baba ya yi ta fama ba?"

Sumul ya ji gwangwanin yana taɓa cinyarsa ta cikin aljihu. Ya dubi yayansa, tsoho mai manyan kunnuwa da hula a hannu, sai tausayi ya kama shi.

"Na gaske ne, Yaya. Inna ta ce duk garin ba wanda bai san shi ba."

Yaya Babba ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce a nemo ƙusa a rataye kwalin kusa da firam ɗin, kuma maganar wanda zai riƙe hoto a bar ta tukuna, za a sake zama. Da Sumul ya tashi tafiya sai Yaya Babba ya kira shi da sunansa na gaskiya, wanda rabon da a ji shi a gidan tun rasuwar mahaifiyarsu, ya miƙa masa tsumman goge gilashi.

"An riga an goge yau, Yaya."

"Na sani. Hau dai."

Sumul ya hau kujerar. Ya goge kusurwar kamar yadda aka koya masa tun yana ƙarami, sannan ya ɗora hannunsa na hagu a kan gilashin, yatsa a kan yatsa. Nasa ya fi girma nesa ba kusa ba, amma lanƙwasar ɗaya ce.

Da ya koma gida ya tarar da 'yar jikarsa a bakin ƙofa tana wasa da murfin kwalba. Ya ɗauke ta ya ce gobe zai kai ta ta ga kakan kakanta, wanda ya riƙe wa duk garin labule. Daga ciki matarsa ta ɗaga murya ta ce tunda an gano Kaka, ko za a iya gano fankar ɗakin. Ya ce yana zuwa. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya tura gwangwanin can ƙasa ƙarƙashin tsofaffin wayoyi inda ba mai kai hannu, ya ɗauko sukudireba.